Daga ƙwayar zarra zuwa ƙwayar halitta: kundin karatuna na ilimin jikin ɗan Adam

4 ga Satumba

Yau na buɗe wannan kundi. Daga nan zuwa tsakiyar Nuwamba nake so in gama sashen farko na ilimin ƙirar jikin ɗan Adam da yadda gaɓoɓinsa ke aiki, wato yadda ake kwatanta sassan jiki, sinadaran da aka gina shi da su, sannan ƙwayar halitta. Akwai jarrabawar shiga karatun jinya a gabana, amma ba ita kaɗai ce ta zaunar da ni ba. Ina so duk ranar da na tsaya a kan marar lafiya in san dalilin abin da hannuna yake yi.

Abin da ke hannuna: tsohon littafin koyarwa na Yaya, wadda ta daɗe tana aikin jinya, manyan kwalayen zane, katuna, da alƙaluma masu launi. Wani malami mai kula da ɗakin gwaji ya yi alƙawarin ara mini madubin likita idan na kai kan ƙwayar halitta. Karatu da sassafe, zane da yamma, gwaji a ƙarshen mako. Kafin in rufe sashen kuma ina so in gina samfurin ƙwayar halitta guda bisa ma'auni na gaskiya, kowane abu na cikinta da girman da ya dace da shi.

Kwalin farko ya hau bango: ƙwayar zarra, molekul (haɗin ƙwayoyin zarra), ƙwayar halitta, tishu (tarin ƙwayoyin halitta masu aiki iri ɗaya), gaɓa, tsarin gaɓoɓi, cikakken mutum. Tsarin gaɓoɓin 11 ne.

8 ga Satumba

Tsayuwar da ake kwatanta jiki da ita: mutum a miƙe, fuska gaba, hannaye a gefe, tafin hannu yana kallon gaba. Batun tafin hannun yana da dalili. Idan tafi ya juya baya, ƙasusuwan nan biyu da ke tsakanin gwiwar hannu da wuyan hannu gitta juna suke yi. Idan ya kalli gaba sai su kwanta a jere. Dama da hagu kuwa kullum na wanda ake dubawa ne, ba na mai dubawa ba.

Abin da ya fi kusa da inda hannu ko ƙafa ya haɗu da gangar jiki shi ne furoksimal, wanda ya fi nisa distal. Gwiwar hannu furoksimal ce ga wuyan hannu, amma distal ce ga kafaɗa. Da yamma Yaya ta kwanta ta ce, "Zo ki nuna mini inda hanta take." Ta kama hannuna ta ɗora ƙarƙashin haƙarƙarin dama, sannan muka bi gidaje huɗu na ciki: hanta da madaciya a sama ta dama, saifa a sama ta hagu, afendis a ƙasa ta dama. Abin da hannu ya taɓa ya fi zama a kai fiye da abin da ido ya gani a takarda.

11 ga Satumba

Kogon ƙirji da kogon ciki, da tantanin tsokar numfashi da ya raba su. Katuna kawai na rubuta.

15 ga Satumba

Homiyostasis, wato yadda jiki ke riƙe yanayin cikinsa a daidai komai sauyin da ake yi a waje. Claude Bernard na Faransa ne ya fara nuna cewa ƙwayoyin halittarmu a cikin wani ruwa suke rayuwa, kuma lafiyarsu ta dogara da tsayuwar yanayin ruwan nan. Walter Cannon na Amurka ya raɗa wa abin suna a 1926.

Kowane irinsa yana da ƙafa uku: mai jin sauyi, cibiyar da ke yanke hukunci, da mai aiwatarwa. Zafin jiki ya haura maki 37, haifotalamos a ƙwaƙwalwa ya ji, jijiyoyin jini na fata su buɗe, gumi ya tsatso. Sukarin jini ya hau, fankiriyas ya saki insulin. Ya sauka, ya saki gulukagon, hanta ta fito da ajiyarta. Duk waɗannan, amsar tana kashe sauyin da ya jawo ta. Kaɗan ne amsar ke ƙara wa abin wuta, kamar naƙuda, inda matsin kan jariri ke sa a saki oksitosin, shi kuma ya ƙara matse mahaifa, har sai an haihu. Da kuma daskarewar jini a bakin rauni. Irin waɗannan dole akwai abin da ke tsayar da su daga waje.

A ganina wannan babi shi ne ƙashin bayan littafin gaba ɗaya, ko da yake shafuka kaɗan aka ba shi.

19 ga Satumba

Na shiga sinadarai, kuma tafiyar ta yi nauyi. Sinadarai huɗu ne suka ɗauke kusan kashi 96 cikin 100 na nauyin jiki: oksijin wajen 65, kabon 18 da ɗoriya, haidurojin kusan 10, naiturojin 3. Kalsiyam wajen 1.5 ne, kuma kusan dukansa yana cikin ƙashi da haƙori.

Na tambayi Yaya ko ba zan iya tsallake wannan babi in koma kan zuciya da huhu ba, tunda su ne aikin. Ta ce, "Ranar da aka miƙo miki takardar gwajin jini kika ga fotasiyam ya kai 6.5, wannan babin ne zai gaya miki ki ruga ki kira likita. Zauna ki karanta."

Na zauna. Sodiyam ya ba da ilektoron ɗaya ya zama mai caji fositif, kulorin ya karɓa ya zama mai caji negetif, cajin biyu suka ja juna. Da sun shiga ruwa sai su rabu su zama ayon, wato ƙwayoyin zarra masu caji. Molekul ɗin ruwa kansa yana da gefe mai ɗan negetif wajen oksijin da gefe mai ɗan fositif wajen haidurojin, shi ya sa yake narkar da duk abin da ke da caji, yake kuma ƙin mai. Na ja layi biyu a ƙarƙashin wannan, domin ina jin zai dawo.

23 ga Satumba

Kayan gwaji sun iso: takardun auna pH (ma'aunin ƙarfin asid), ƙaramar kwalbar aidin, shuɗin rinin metilin, gilasan ɗora samfur da murafansu, da ruwan nuni mai sauya launi da asid. Su suka cinye mafi yawan abin da na ware wa wannan sashe, saboda haka sauran kayan samfurin daga abin da ke gida za su fito.

Gwaji biyu yau. Na ɗiga tawada a kofin ruwan sanyi da na ruwan ɗumi, ban motsa ba. A na ɗumin ta bazu da wuri, a na sanyin ta daɗe a dunƙule. Na biyu ya fi burge ni. Na hura numfashi ta bututu cikin ruwan nunin, yana shuɗi ya koma kore, ya koma rawaya. Iskar kabon dayoksaid da na fitar ce ta haɗu da ruwa ta zama asid ɗin kabonik, shi kuma ya saki ayon na haidurojin. Abin da ke faruwa a jinina ke nan a kowane lokaci, ga shi a cikin kofi.

Ma'aunin pH, wanda Sørensen ɗan Denmak ya fito da shi a 1909, ba ƙirga na yau da kullum ba ne: taki ɗaya ninki goma ne, kuma ƙaramin adadi yana nufin asid ya fi yawa. Jini yana tsakanin 7.35 da 7.45, ruwan tumbi tsakanin 1.5 da 3.5.

28 ga Satumba

Gwajin enzayim, wato furotin da ke hanzarta sauyin sinadarai a jiki, ya ƙi. Nufina in ga amiles, enzayim ɗin da ke cikin yawu, yana farfasa sitaci. Aidin yana mayar da sitaci shuɗi mai duhu, idan sitacin ya farfashe kuwa launin ba ya fitowa. Na dama sitaci, na zuba yawu, na tsoma kwalbar cikin ruwan zafi, ina ɗiban ɗigo lokaci zuwa lokaci ina gwadawa. Har rana ta faɗi kowane ɗigo baƙi-ƙirin yake fitowa.

Na kira Malam na ce, "Malam, ku gafarce ni na kira ku da dare, gwajin nan ya ƙi ci ya ƙi cinyewa." Ya tambaye ni abu biyu: kaurin sitacin, da kuma ko yatsa zai iya zama cikin ruwan da na tsoma kwalbar. Sitacin ya yi kauri, ruwan kuma yatsa ba ya jure shi, domin ba ni da ma'aunin zafi. Ya ce in yi giram 1 na sitaci cikin mililita 100 na ruwa, in tafasa ya narke, in bar shi ya huce, sannan in raba kwalba uku: ɗaya cikin ruwan ƙanƙara, ɗaya a maki 37, ɗaya kuma da yawun da aka riga aka tafasa. Ma'aunin zafi ya shiga jerin abin saye, kuma bai cikin lissafina na farko.

30 ga Satumba

Haƙa ta cimma ruwa. Kwalbar maki 37 ta daina ba da shuɗi cikin 'yan mintuna. Ta ƙanƙara ta tsaya shuɗiya, amma da na ɗumama ta sai ta kama aiki. Ta tafasasshen yawu ko gezau, ko da na mayar da ita maki 37. Sanyi rage wa enzayim sauri kawai yake yi. Zafi mai yawa kuwa warware naɗinsa yake yi, kuma furotin da naɗinsa yake aiki: da siffar ta lalace, gurbin da sitaci ke shiga ya tafi.

4 ga Oktoba

Manyan molekul huɗu: kabohaidiret, kitse da danginsa, furotin, da asid ɗin nukiliya. Na fi daɗewa a kan furotin. Tubalansa amino asid 20 ne, 9 daga ciki jiki ba ya iya haɗa su da kansa. Jerinsu ne ke yanke yadda sarƙar za ta naɗe, naɗin kuma ya yanke aikin.

Misalin da ya tsaya mini a rai shi ne sikila. A sarƙar beta ta himogulobin, furotin ɗin da ke ɗaukar oksijin a jar ƙwayar jini, a gurbi na 6, amino asid ɗin balin ya maye gurbin gulutamik asid. Shi ke nan. Gulutamik asid yana da caji, yana zama lafiya da ruwa; balin ba shi da caji, gudun ruwa yake yi. To idan oksijin ya yi ƙasa, waɗannan wurare masu gudun ruwa sai su manne da juna, himogulobin ya jeru dogayen sanduna, ƙwayar jinin ta lanƙwashe ta toshe ƙananan jijiyoyi. Linus Pauling da abokan aikinsa sun nuna a 1949 cewa himogulobin ɗin ne ya bambanta, Vernon Ingram kuma ya gano wurin a tsakiyar shekarun 1950. Duk azabar da masu wannan ciwo ke sha, ciwon ƙashi da ƙarancin jini da kwanciya asibiti, daga wannan sauyi ɗaya ta taso. Layin da na ja ranar 19 ga Satumba ya dawo tun ban kai ga ƙwayar halitta ba.

8 ga Oktoba

Madubin likita ya zo, amma ranar ba ta yi daɗi ba. Na kankaro cikin kumatuna da tsinke mai tsabta, na shafa a gilashi, na ɗiga shuɗin metilin, na rufe. Da ƙaramin idon madubin, mai ninka abu sau 100 idan an haɗa da na sama, na ga wasu da'irori masu baƙin baki, kyawawa, har na fara zana su. Sai na lura babu komai a cikinsu, kuma girmansu ya sha bamban da juna ƙwarai. Kumfar iska ce da ta maƙale ƙarƙashin murfin. Ainihin ƙwayoyin kuwa rini ya yi musu yawa, sun zama dunƙulen shuɗi, ba a bambance ciki da waje.

Da na juya zuwa babban ido mai ninki 400, komai ya zama hazo, da wasu zarurruka da ba sa motsi ko na matsar da gilashin. Tunda ba sa bin samfurin, ba a kansa suke ba. Na goge ido na sama, suna nan. Malam ya ce fumfuna ce ta tsiro a cikin gilashin idon saboda ya daɗe a ajiye cikin laima, kuma gogewar waje ba ta kai gare ta. Zai nemo wani idon ya musanya. Kafin nan ya ce in surka rinin da ruwa, in kuma kwantar da murfin daga gefe ɗaya a hankali, kada in sake shi daga sama.

10 ga Oktoba

Tarihi kawai. Robert Hooke ya ga ƙananan ɗakuna a ɓawon itace a 1665. Schleiden a 1838 da Schwann a 1839 sun ce tsiro da dabba duk daga ƙwayoyin halitta aka gina su. Virchow a 1855 ya ce kowace ƙwaya daga wata ƙwayar take fitowa.

17 ga Oktoba

Zazzaɓi ya kwantar da ni, an duba ni an ba ni magani, yau na fara samun ƙarfi. Jadawalin ya goce, dole in matse rabuwar ƙwayar halitta da haɗa furotin cikin mako ɗaya.

Abu ɗaya na lura da shi ina kwance. Lokacin da zafin ke hawa ina rawar ɗari ne, ina neman bargo, alhali ma'auni yana nuna 39. Lokacin da yake sauka kuma gumi ya jiƙa ni. Haifotalamos ne ya ɗaga ma'aunin da yake so jiki ya kai, saboda sinadaran da garkuwar jiki ke saki. Muddin jiki bai kai sabon ma'aunin ba, ƙwaƙwalwa sanyi take gani, sai ta matse jijiyoyin fata ta sa tsoka karkarwa. Da ma'aunin ya koma 37, sai ta ga zafi ya yi yawa ta buɗe gumi. Ashe a zazzaɓi tsarin bai lalace ba, yana aikinsa ne a kan wani sabon adadi.

20 ga Oktoba

Sabon ido ya zo. Na ga ƙwayoyin kumatuna tas: faffaɗa, sirara, gefensu ba daidai ba, kowace da nukiliyos, wato cibiyar ƙwayar, mai duhu a tsakiya, wasu sun naɗe, wasu sun hau kan juna. Faɗin kowace wajen maikuromita 50 zuwa 60 ne (maikuromita 1,000 ne milimita ɗaya), jar ƙwayar jini kuwa 7 zuwa 8. A kan wasu akwai ƙananan ɗigo-ɗigo masu shuɗi sosai, bakteriyar baki ke nan. Mitokondiriya, masu samar wa ƙwaya ƙarfi, da sauran ban gan su ba, kuma ribosom, mai haɗa furotin, ba zai taɓa ganuwa da wannan madubi ba, domin iyakar madubin haske wajen maikuromita 0.2 ce, shi kuwa ribosom nanomita 25 ne, wato maikuromita 0.025. Na daɗe ina kallo kafin in ɗauki fensir.

24 ga Oktoba

Tantanin ƙwayar halitta. Kwana uku ke nan ban taɓa wani babi ba, kuma ban yi nadama ba, domin a nan sinadarai da homiyostasis suka haɗu.

Tantanin layi biyu ne na fosfolifid, wani dangin kitse. Kowane yana da kai mai son ruwa da jela biyu masu gudun ruwa, saboda haka kawunan suna fuskantar ruwan ciki da na waje, jelolin kuma suna ɓuya a tsakiya. Furotin iri-iri suna yawo a cikinsa, kamar yadda Singer da Nicolson suka bayyana a 1972. Oksijin da kabon dayoksaid ƙanana ne marasa caji, ratsawa suke yi kai tsaye. Ayon kuwa, duk ƙanƙantarsa, cajinsa ba ya barinsa ya ƙetare tsakiyar mai, sai ta ƙofar furotin. Ruwa ma yana da nasa ƙofofin, akwaforin, waɗanda Peter Agre ya tabbatar da aikinsu a 1992.

Mutum mai kilo 70 yana ɗauke da ruwa wajen lita 42. Lita 28 suna cikin ƙwayoyin halitta, 14 a waje, kuma daga cikin 14 ɗin wajen 3 ne kawai ruwan jini. A waje sodiyam ne sarki, milimol 135 zuwa 145 a lita, a ciki bai fi 10 zuwa 15 ba. Fotasiyam akasin haka: wajen 140 a ciki, 3.5 zuwa 5 a waje. Kowannensu kullum yana zurarewa zuwa inda ya yi ƙaranci. Abin da ke hana bambancin shafewa shi ne famfon sodiyam da fotasiyam, wanda Jens Skou ya gano a 1957: da kowane ATP ɗaya, wato molekul ɗin da ke ba ƙwaya ƙarfin aiki, yana fitar da sodiyam 3 ya shigo da fotasiyam 2. Kamar mai kwale-kwalen da ke yoyo ne, yana tuƙi yana kwarfe ruwa, ranar da ya daina kwarfewa jirgi ya nutse. Idan jini ya daina kai wa wani sashe oksijin, ATP ya ƙare, famfon ya tsaya, sodiyam ya taru a ciki, ruwa ya bi shi, ƙwayar ta kumbura. Daga wannan bambanci ne kuma ƙwayar jijiya ke samun cajinta na hutu, wajen milibolt 70 ƙasa da sifili, wanda saƙon jijiya da bugun zuciya suka dogara da shi. Yanzu na gane maganar Yaya kan 6.5: idan fotasiyam na waje ya hau, cajin hutun ƙwayoyin zuciya ne ke gocewa.

Ruwa yana bin inda narkakkun abubuwa suka fi yawa, wato osmosis. Na tambayi Yaya me ya sa ruwan da ake ƙara wa marar lafiya yake da gishiri kashi 0.9 cikin 100. Ta ce, "Ke za ki ba ni amsa." Na ce don ƙarfinsa ya yi daidai da na jini, in an sa zallan ruwa a jijiya, zai kwarara cikin jajayen ƙwayoyin jini har su fashe, in kuma gishirin ya yi yawa su yamushe. Ta ce to in bayyana mata ruwan gishiri da sukari na mai gudawa. Wannan sai da na koma littafi. A bangon hanji akwai furotin da ba ya shigo da sodiyam sai tare da gulukos, su biyun a tafiya ɗaya, ruwa kuma ya biyo su. Ko a kwalara wannan ƙofa tana ci gaba da aiki. Shi ya sa sukarin ba don ɗanɗano aka sa shi ba, kuma shi ya sa awon yake da muhimmanci: in sukarin ya yi yawa, shi zai jawo ruwa zuwa cikin hanji ya ƙara gudawar.

28 ga Oktoba

Lissafin samfuri. Na ɗauki ƙwaya mai faɗin maikuromita 20, na ninka sau 20,000, ta zama santimita 40, daidai da wata robar wanki mai haske da muke da ita. A wannan ma'auni nukiliyos mai maikuromita 6 ya zama ƙwallo mai santimita 12. Mitokondiriya santimita 2 zuwa 4. Laisosom, jakar narkar da shara, wajen santimita 1. Ribosom rabin milimita, saboda haka yashi zan yi amfani da shi. Tantanin kuwa, mai kaurin nanomita 8, ya zama milimita 0.16, wato leda ce za ta wakilce shi, ba bangon robar ba.

Wanda ya ɗaure mini kai shi ne DNA, zaren da ke ɗauke da saƙon gado, wanda ke naɗe a dunƙulen da ake kira kuromosom. In aka miƙe na ƙwaya ɗaya, kuromosom 46 ɗin duka, ya kai wajen mita 2. A ma'aunina kilomita 40 ke nan na zare, mai kaurin milimita 0.04, cikin ƙwallo mai santimita 12. Na sake lissafin, haka yake. Ba zan iya sa shi ba, zan rubuta adadin a kati in liƙa a gefe. Zanen littafi yana nuna mitokondiriya biyar ko shida cikin fili fetal, alhali ƙwayar hanta ɗaya tana ɗauke da fiye da 1,000, kuma cikin ƙwaya a cunkushe yake.

1 ga Nuwamba

Nukiliyos ya narke. Da ƙwallon farin soson kwali na yi shi, na fafe gefe ɗaya don a ga ciki, na huda ramuka a jiki, na zo liƙa zare da gam mai ƙarfin wari. Ina kallo soson ya fara lotsawa yana tsiyaya, kafin in ankara rabinsa ya zama danƙo, ya kuma ɓata ninkin takardar da na kwana biyu ina jerawa a matsayin hanyoyin endofilasmik, ninkakken tantanin da ke cikin ƙwaya. Gam ɗin yana da ruwan narkarwa marar caji, soson ma marar caji ne, shi ya sa ɗaya ya cinye ɗaya. Asarar ƙwallo, kwali guda, da aikin yamma biyu. Zan koma farin gam na katako, wanda da ruwa aka haɗa shi, ko da yake yana jinkirin bushewa. Sabon nukiliyos daga jiƙaƙƙiyar takarda zan yi shi.

5 ga Nuwamba

Daga DNA zuwa furotin. Ana kwafe saƙon DNA, wanda aka rubuta da haruffan sinadari huɗu, a cikin nukiliyos zuwa RNA, ya fita ta ramukan, ribosom ya karanta harafi uku-uku. Haɗin uku-ukun 64 ne: 61 suna kiran amino asid, 3 suna cewa a tsaya, AUG ne ke buɗe karatu. Na koma kan sikila na ga GAG ne ya zama GTG, harafi ɗaya cikin wajen biliyan 3. Furotin da za a fitar waje yana bi ta endofilasmik mai ribosom, ya wuce Golji a gyara shi a ƙunshe, sannan ƙunshin ya haɗe da tantani ya zubar. Na bi insulin ta wannan hanya daga farko zuwa ƙarshe da jan zare a cikin samfurin.

Rabuwar ƙwaya na yi ta da igiyoyi masu launi a ƙasa: su dunƙule, su jeru a tsakiya, a ja su gefe biyu, a raba gida. Kwafe DNA kuwa tun kafin nan ake yin sa. Wannan sashe a gurguje na bi shi, yana buƙatar komawa.

7 ga Nuwamba

Samfuri ya bushe, ya hau kan tebur. Bitar katuna.

10 ga Nuwamba

Yaya ta yi mini jarrabawar gwaji. Kwatancen jiki da sassan ƙwaya sun tafi lafiya. Samar da ATP ma haka: gulukos ɗaya yana ba da 2 kacal in babu oksijin, wajen 30 zuwa 32 in akwai. Inda na yi ta tuntuɓe shi ne daidaiton asid da bes (kishiyar asid) a jini, musamman da ta daina tambayar ma'ana ta koma kawo marasa lafiya.

Ta ce in ajiye haddar, in rubuta layi ɗaya a saman takarda: kabon dayoksaid da ruwa a hagu, asid ɗin kabonik a tsakiya, haidurojin da baikabonet a dama, huhu yana riƙe da hagu, ƙoda tana riƙe da dama. Sai muka bi su ɗaya bayan ɗaya. Mai yawan amai yana zubar da asid ɗin tumbi, jininsa ya karkata zuwa bes. Mai gudawa yana zubar da baikabonet, nasa ya karkata zuwa asid. Wanda firgici ya sa yake haki yana fitar da kabon dayoksaid fiye da kima, pH ya hau, har yatsunsa su yi tsam. Mai ciwon sukari da asid ɗin kiton ya taru masa yana jan dogon numfashi mai zurfi, huhunsa ne ke ƙoƙarin rage asid ɗin. Huhu cikin mintuna yake amsawa, ƙoda sai ta ɗauki awoyi zuwa kwanaki. Da layin nan a gabana, tambayoyin da suka kayar da ni da safe na warware su da yamma ba tare da na leƙa littafi ba.

13 ga Nuwamba

Abin da ya rage a wannan sashe: bitar rabuwar ƙwaya, musamman bambancin wadda ke ba da ƙwayoyi biyu masu kuromosom 46 da wadda ke ba da ƙwayoyin haihuwa masu 23, sai ƙarin misalan asid da bes, biyu kowace safiya.

Sashe na gaba shi ne tishu huɗu: na shimfiɗa, na haɗi, na tsoka, da na jijiya, daga nan fata, sannan ƙasusuwa 206. Ƙwayoyin kumatun da na gani na tishun shimfiɗa ne, saboda haka daga su zan fara. Malam ya yarda in riƙe madubin har ƙarshen Disamba, da sharaɗin in ajiye shi a busasshen wuri da ƙunshin mai tsotse laima a cikin akwatin. Ya ce yana da gilasan da aka riga aka rina na ƙashi, guringuntsi, tsokar zuciya da jini, in je in karɓa ranar 16. Kwalin zane ya ƙare, sai na sayo kafin ranar, tare da fensir mai tauri don zanen abin da ke ƙarƙashin madubi.